Oktoba a Amurka: kafin ki sayi kayan ruwan hoda

'Yar'uwa, in watan Oktoba ya same ki a Amurka, za ki ga kantuna sun rine da ruwan hoda. Gorar ruwa, man shafawa, takalma, har kwalin biskit, kowanne da ɗan zirin ƙyalle a jiki. Watan wayar da kai ne kan sankarar mama, tun 1985 ake yin sa. Shekarata ta farko na yi ta kwasar irin kayan nan da niyyar sadaka, ashe kallon kitse nake wa rogo.

Alamar ba ta da mai ita. Kowane kamfani na iya manna ta ko sisi bai bayar ba. Wasu suna bayarwa, amma sun yanka iyaka, da ta cika sauran kuɗin aljihunsu zai shiga, kayan kuma na nan kan kanta da launinsu. Asalin abin ma ba ciniki ba ne. Wata dattijuwa a Kalifoniya, Charlotte Haley, ita ta riƙa haɗa zirin da hannunta, da wani launi daban, tana rabawa da ƙorafin cewa kashi 5 cikin 100 kacal na kasafin cibiyar sankara ta ƙasa ke zuwa rigakafi. Mujallar Self ta nemi ta ba su alamar, ta ƙi. Sai suka sauya launi, suka fito da nasu tare da kamfanin Estée Lauder a 1992. A 2010 har KFC ya sayar da soyayyar kaza a bokiti ruwan hoda, abin da ya jawo masa suka sosai. Don haka ki juya kwalin ki duba: nawa za a bayar, kuma ga wa? In ba a rubuta ba, ki kai sadakarki kai tsaye inda kika yarda.

Abin da ya fi damuna shi ne, duk wannan ado bai hana baƙaƙen mata a nan mutuwa da cutar fiye da farare da kusan kashi 40 cikin 100 ba. Mu kuma mun taho da kunyarmu daga gida, mace ta ji ƙullutu ta yi shiru, sai jiƙe-jiƙe har abu ya ci jiki.

Shawarar da masana lafiya na Amurka suka fitar a 2024 ita ce a yi hoton mama na binciken sankara duk shekara biyu, daga shekara 40 zuwa 74. Yawancin inshora na biya ba tare da kin ƙara komai ba. In ba ki da inshora, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, na da shirin gwaji kyauta ko da rahusa ga masu ƙaramin ƙarfi, ki tambaya a asibitin unguwarku. Kina iya cewa mace kike so ta duba ki, ki kuma nemi tafinta. Ranar hoton kada ki shafa turaren hammata ko hoda, suna ɓata hoton. In kuwa kin ji ƙullutu, ko kan mama na fitar da jini, kada ki jira shekara 40, kada ki jira Oktoba.