Yadda Za a Ƙaƙaba Takunkumi Don Kashe Wutar Yaƙin Basasa

Duk mai son takunkumi ya taimaka wajen kashe wutar yaƙin basasa, ya fara da gano inda masu ɗauke da makamai ke samun kuɗin harsashi da na ciyar da mayaƙa. A Angola, lu'ulu'u ne ya riƙe 'yan tawayen UNITA na Jonas Savimbi. Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya hana sayar musu da makamai da man fetur tun 1993, ya haramta cinikin lu'ulu'unsu a 1998, amma dokar ba ta kama su sosai ba sai da rahoton Fowler na shekarar 2000, wato rahoton masu binciken da Kwamitin ya naɗa, ya tona asirin ƙasashe da dillalan da ke taimaka musu ta bayan fage. Saboda haka, lallai a naɗa masu sa ido waɗanda za su ambaci sunan mai laifi ba tare da tsoro ba.

Daga nan sai a duba maƙwabta, domin ɓarna ta kan iyaka take fita. Lu'ulu'un 'yan tawayen Saliyo ta Laberiya yake bi, shi ya sa aka ƙaƙaba wa gwamnatin shugaban Laberiya Charles Taylor takunkumi a 2001, aka ƙara da na katako a 2003, kuma a watan Agustan shekarar ya sauka ya taho Kalaba.

Abin da ya fi damuna shi ne talaka. Lokacin da ECOWAS ta rufe iyakoki da Nijar a 2023, ko da yake juyin mulki ne ba yaƙi ba, manyan motoci sun yi jerin gwano a Jibiya da Illela, kayan gwari suna ruɓewa a cikin buhuna, fatake har daga nan Kaduna suna kirga asara, sojojin kuwa ba su gusa ba har aka janye takunkumin a Fabrairun 2024. Don haka a daskarar da asusun jagororin yaƙi, a hana su tafiye-tafiye, amma a bar abinci da magani da wutar lantarki su isa ga jama'a.

A kuma faɗa wa ɓangarorin tun farko, dalla-dalla, sharuɗɗan da za su cika a sassauta musu. Haka aka yi wa Laberiya: an ɗage takunkumin katako a 2006, na lu'ulu'u kuma a 2007, bayan ta tsara hanyar tantance asalin abin da take fitarwa.