Kurakuran da Ke Kashe Famfon Bindigar Iska

Cikin wata biyu an kawo mini bindigogin iska huɗu, kowacce da kuka iri ɗaya: ana buga famfo amma ba ta riƙe iska. Uku daga ciki ba tsufa ne ya kashe su ba, masu su ne suka yi musu aika-aika da sunan gyara. Na gaji da maimaita magana ɗaya ga kowane sabon shiga, shi ya sa na zauna na rubuta.

Irin bindigogin da nake nufi su ne masu famfo a jikinsu, kamar Crosman 760 da ta fito tun 1966, da Daisy 880, da Benjamin 392, da tsohuwar Sheridan. Duk ƙirar Amurka ne, kuma aikinsu bai wuce na famfon keke ba. Ka buɗe hannun famfo, iska ta shiga bututu ta wata 'yar ƙofa. Ka rufe, fistin mai kan roba ya tura ta cikin bawul, wato ɗan ɗakin da ke riƙe iskar, ta taru. Ka ja kunama, ƙarfe ya bugi bawul, iskar ta fita ta kori harsashi. Duk ƙarfinta yana kan 'yan robobin da ba su cika tafin hannu ba.

Maganar mai ita ce ta fi ƙona mini rai. Mutum ya ji famfo ya yi tauri, sai ya ɗauko abin da ke kusa: man feshin nan WD-40, kananzir, man birki, har man gyaɗa na gani. WD-40 yakan wanke man kirkin da ke kan robar ya bar ta a bushe. Man birki yana kumbura irin wannan roba ya lalata ta. Man girki kuwa daskarewa yake yi ya zama danƙo, ƙura ta manne masa, ya bi iska ya shige cikin bawul. Ɗan ƙanena ya taɓa kawo mini tasa, da na zaro fistin sai ga robar ta yi laushi kamar tuwon da ya kwana, tana manne wa yatsa. Na ce, yaro, me ka zuba mata? Ya ce, Baffa, man birki ne kaɗan, wani ya ce yana sa ta santsi. To wanda ya faɗa masa ba shi ya biya kuɗin roba ba.

Kamfanonin ba su ɓoye abin da ya dace ba. Crosman na da nasa mai, Pellgunoil, kuma takardarsa ta ce a ɗiga bayan kamar harbi 250. Daisy ya ce man inji mai lamba 30 wanda ba a haɗa masa sinadarin wanke inji ba. Ɗigo biyu ko uku a kan robar fistin da soson da ke bayanta, ɗigo ɗaya a kowace gaɓar hannu, shi ke nan. Ni da hunturu ba na jiran lissafin harbi. Duk mako biyu nakan buɗe hannu in duba, in goge abin da idona ke gani da tsumma mai tsabta kafin in ɗiga sabo, don hazo kan haɗu da mai ya zama sandifefa a cikin bututu. Kuma kada ka cusa mai a ƙofar shigar iska, wasu tsofaffin Benjamin har rubutu aka buga a wurin cewa kada a zuba.

Yanzu ga wanda ya ci mini kuɗi da barci. Ina da wata tsohuwar Sheridan da na gada wurin kawuna, mai cin harsashin milimita 5. Bawul ɗinta ya fara yoyo, na buɗe, abin da ke riƙe kayan ciki ya ƙi motsi. Hankalina ya ce in yi masa abin da makanikai ke yi wa notin da ya ci tsatsa, wato in gasa shi. Na kunna wuta na kara. Ban san cewa bututun harsashi da na famfo tagulla ba ne, kuma da dalma aka liƙa su. Ina kallo wani siririn layi mai sheƙi ya tsattsafo ta gefen haɗin, ya gangaro ya ɗiga a kan tebur. Bututun ya rabu, saiti ya tafi. Na yi wata da watanni ina neman wanda zai iya mayar da shi daidai, kuma har yau in na ɗauke ta sai na tuna kawu. Don Allah, don Annabi, kada wuta ta kusanci Benjamin ko Sheridan! Tsohuwar Sheridan akwai makulli na musamman da ake zurawa a kwance cikin bawul ɗinta. In ba ka da shi, ajiye bindigar har ka samu. Haka nan kada ka matse bututun tagulla a bayis, wato matsen ƙarfe na makanikai, tsirara, ka sa katako ta gefe biyu. Lotsawa ɗaya ta isa fistin ya riƙa cijewa har abada.

Abin da ke ba ni haushi da matasa shi ne gaggawar kwancewa kafin a saurara. Bindigar nan tana faɗin ciwonta. In kana bugawa ba ka jin nauyi ko kaɗan, robar fistin ce, kuma sau da yawa mai kawai take nema, ka ɗiga ka bari ta kwana. In hannun famfo na turo kansa baya bayan ka buga, bawul ɗin shigar iska ne ke mayar da ita. In ka kara kunne a gefen bututu, ba a bakinsa ba, ka ji tsiii, bawul ɗin fita ne. Amma sai ka ga mutum ya sayi robar fistin sau biyu alhali ciwon na can ciki. Ashe ba a banza Bahaushe ya ce a bar jaki ana dukan taiki ba.

Kafin ka taɓa sukurdireba, ka tabbata babu harsashi, ka harba ta a ƙasa har iska ta ƙare. Bawul mai iska yana iya harbo kayansa a fuskarka.

Wurin mayarwa kuma, nan ake yanka sabuwar roba. Bututun famfo na da doguwar tsaga inda hannu ke wucewa, gefenta da kaifi. Ka tura fistin da ƙarfi, tsagar ta gutsure leɓen robar, ka haɗa komai ka tarar yoyon na nan. Ni nakan bi gefen tsagar da sandifefa mai laushi, in wanke bututun tas, in shafa wa robar mai, sannan in shigar da ita a hankali ina danna leɓen da ɗan tsinke mara kaifi. A irin da ake iya ƙara wa sandar fistin tsawo, ka daidaita ta yadda kan zai ɗan taɓa bawul daidai lokacin rufe hannu. In ta gajarta iska na saura a bututu, in ta yi tsawo fil ɗin gaɓa ne zai sha wuya.

Bugun wuce kima ba ya ƙara ƙarfi. Crosman 760 da Daisy 880 iyakarsu 10, tsohuwar Benjamin 392 kuwa 8. Ka zarce, iska ta danne bawul har ƙarfen ya kasa buɗe shi. In hakan ta faru, ka ɗana ka harba ba harsashi, ka maimaita har ta sake. Daisy 880 sai an ja sakata kafin famfo ya kama, kada ka kwance ta a kan wannan. Zoben robar famfon ruwa ba ya maye gurbin nata ko da ido ya ce daidai suke. Kada ka bar ta cikin mota da zafin bazara. Benjamin da Sheridan kuwa, da bugu ɗaya nake ajiye su, ba harsashi, ba a ɗane ba, don iskar ta danne robobin bawul ƙura ta rasa hanyar shiga.