Kurakuran da aka fi yi wajen duba rubutun umarni domin tsofaffin kwamfutoci

Rubutun umarni, wato fayil ɗin da ake jera umarnai a cikinsa domin kwamfuta ta aiwatar da su ɗaya bayan ɗaya, yakan yi aiki lafiya a kan sabuwar Linux, amma da zarar an kai shi na'urar da ke ɗauke da tsohon tsarin gudanar da kwamfuta irin su Solaris 10 ko AIX ko HP-UX sai ya tsaya a layukan farko. Sau da yawa mai rubutun ya riga ya duba shi da manhajar bincike, kuma manhajar ba ta nuna wata matsala ba. Dalili shi ne manhajar tana auna rubutun ne da wani mizani da ta sani, ba da mafassarin umarnin da ke zaune a tsohuwar na'urar ba, kuma daga wannan tazarar ce akasarin kurakuran suke fitowa.

Kuskure na farko shi ne ɗaukar cewa `/bin/sh`, wato sunan da ake kiran mafassarin umarni da shi (manhajar da ke karanta rubutun ta aiwatar da shi), abu ɗaya ne a ko'ina. A Ubuntu, wani nau'in Linux, tun daga fitowar 6.10 a shekarar 2006, sunan yana nuni ne ga mafassarin dash, haka ma a Debian tun daga fitowa ta 6.0 a 2011. A AIX mafassarin ksh ne, a Solaris 10 kuwa tsohon mafassarin Bourne ne, wanda ya girmi ƙa'idar POSIX, wato mizanin bai ɗaya da aka tsara wa irin waɗannan tsare-tsare, yayin da wanda ke bin ƙa'idar yake ajiye a `/usr/xpg4/bin/sh`. Gyaran shi ne a fara tabbatar da wane mafassari ne zai gudanar da rubutun, a rubuta hanyarsa daidai a layin farko, sannan a sanar da manhajar binciken.

ShellCheck, wadda Vidar Holen ya rubuta da harshen Haskell, ita ce manhajar binciken da aka fi dogaro da ita, kuma ta cancanci hakan. Tana karanta layin farko ta yanke hukunci a kansa, don haka idan an rubuta `#!/bin/bash` ba za ta koka da `[[ ]]` ko `local` ba, alhali tsohuwar na'urar ƙila ba ta da mafassarin bash gaba ɗaya. Idan aka gudanar da ita da `shellcheck -s sh`, za ta fito da gargaɗi irin su SC3010 da SC3043 a kan abubuwan da POSIX ba ta tanada ba. Wanda yake son ido na biyu yana iya ƙarawa da checkbashisms, ƙaramar manhajar Perl da ke cikin kunshin devscripts na Debian, wadda aikinta kawai shi ne zaƙulo salon bash a rubutun da ya ce shi na sh ne.

A nan ne ake faɗawa kuskuren da ya fi ɓoyuwa, wato bin kowace shawarar manhajar ba tare da tunani ba. Gargaɗin SC2006 yana cewa a daina amfani da alamun nan masu karkata baya (`` ` ``) wajen ɗauko sakamakon umarni, a koma `$(...)`. Shawara ce mai kyau ga duk mafassarin da ke bin POSIX, amma mafassarin Bourne na Solaris 10 bai san `$(...)` ba, saboda haka wanda ya bi shawarar ya ɓata rubutun da dā yake aiki. Wannan mafassarin bai san lissafi da `$(( ))` ba, bai karɓi `export SUNA=ƙima` a layi ɗaya ba, kuma `test -e` ba ya aiki a cikinsa; ShellCheck ba za ta ce komai a kan ko ɗaya ba, domin duka halal ne a POSIX. Mafita biyu ce: ko a mayar da layin farko zuwa `/usr/xpg4/bin/sh`, wanda a ganina ya fi sauƙi idan an yarda a taɓa shi, ko kuma a riƙe tsohon salon a kashe wannan gargaɗin kaɗai da `# shellcheck disable=SC2006`. Kashe gargaɗi a dunƙule domin allo ya yi tsabta kuskure ne na daban, musamman SC2086, wanda ke tunatar da a saka alamun zance a kan `$fayil`, domin sunan fayil mai sarari a tsakiya yana iya sa `rm` ya goge abin da ba a nufa ba.

Wasu kuma suna gudanar da `sh -n` su ɗauka an gama. Wannan umarnin yana duba ginin jimloli ne kawai ba tare da aiwatar da komai ba, kuma amfaninsa yana cika ne idan mafassarin tsohuwar na'urar ne ya yi dubawar, ba na kwamfutar da aka yi rubutun a kanta ba.

Akwai kuma ɓangaren da manhajojin nan ba su cika kamawa ba, wato umarnan waje da rubutun yake kira. `sed -i` ba ya cikin POSIX, `grep -q` ba ya aiki da `/usr/bin/grep` na Solaris 10, kuma `awk` ɗin can tsoho ne ƙwarai har ana komawa `nawk`. Halayyar `echo -n` ta bambanta daga tsari zuwa tsari, shi ya sa `printf` ya fi aminci. Ko bash ɗin kansa ba ɗaya ba ne: macOS tana zuwa da fitowa ta 3.2, alhali `declare -A` da `mapfile` sun shigo ne da fitowa ta 4.0 a 2009, kuma rubutun da ya yi amfani da su zai wuce binciken ShellCheck lami lafiya ya faɗi a can.

Fayil ɗin da aka gyara a Windows yakan zo da ƙarin alamar ƙarshen layi da ido ba ya gani, wadda ke manne wa hanyar mafassarin a layin farko har tsarin ya ce bai same shi ba. ShellCheck tana nuna ta da SC1017, kuma tunda `dos2unix`, umarnin da ke cire ta, ba ya nan a na'urori da yawa, `tr -d '\r'` yana wadatarwa.

Ƙoƙarin girka ShellCheck a kan tsohuwar na'urar kanta ɓata lokaci ne, domin haɗa manhajar Haskell a can aiki ne mai wuya. A yi binciken a sabuwar kwamfuta, sannan a gwada rubutun da `sh -x` a kan kwafin tsohon tsarin da aka tanada domin gwaji, ta yadda za a ga kowane layi yayin da ake aiwatar da shi, kafin a kai shi na'urar da ake aiki da ita.