Murfin kwalba ɗaya a kowane rami: yadda nake sa wa gero taki

Shekarar da buhun taki ya fi ƙarfin aljihuna, rabin buhu na saya na watsa a gonata ta jigawa, kamar yadda na taso na ga ana yi. Ciyawa ce ta ci moriyarsa. Tun daga nan na koma sa shi rami-rami, dabarar da masu bincike na cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore, kusa da Yamai, suka gwada tare da manoman Nijar.

Ma'aunin shi ne murfin kwalbar lemo, wanda ke ɗaukar kimanin giram 6 na kamfa 15-15-15. In ka bar mita ɗaya tsakanin rami da rami, hekta guda tana da rami 10,000, ka ga kilo 60 ke nan, buhu ɗaya da ɗan ɗori. In takin zamanin da ake kira DAP ka samu, giram 2 ya isa, wato abin da yatsu uku suka tsinto.

Kada yayyafin farko ya ruɗe ka. Ka jira ruwan shuka na gaske, ka tona ka ga danshi ya sauka ƙasa sosai. Mutum uku aikin yake so: mai sara da sungumi, mai taki, sai mai iri a baya. Mai taki ya zuba a gefen ramin ya ɗan ture ƙasa a kai da ƙafa, sannan iri ya sauka. Nan ne wurin da ake yin ɓarna. Wata shekara ƙaramin ɗana ya gaji da rana, ya riƙa juye murfin a tsakiyar rami. Ruwa kuma ya ɗauke kwana goma. Layi biyu cur taki ya ƙone, sai da muka sake shuka. Shi ya sa in binne na yi, ba na sa komai sai tsiro ya fito an kuma samun ruwa.

Kuɗin mai zuba takin nan fa ka sa shi a lissafi, ko da ɗanka ne. Mu manoma mun iya ƙirga dami, amma mun ƙi jinin ƙirga guminmu.

Kada kuma ka ɗauki maganata haka kawai. Ka ware layi goma ba taki, da kaka ka ɗaure daminsu daban, a sussuka, a auna da tiya, ka gwada da layi goma na kusa da su. Bambancin sai ka buga shi da farashin kaka, ba na bazara ba, don lokacin ne yawancinmu ke sayarwa.

Takin turke kuwa har yanzu ina kai shi da amalanke tun da rani. Giram 6 tsiro yake tayarwa, ba ya gyara ƙasar da ta gaji.