Kurakuran da Masu Son Zama Malaman Ƙananan Yara Suka Fi Yi, Daga Cike Fom Zuwa Shiga Aji

A kwalejojin ilimi na Nijeriya akwai sashen da ke horar da malaman yaran da ba su kai shiga aji ɗaya na firamare ba. Sunansa a takarda ECCE. Wanda ya yi shekara 3 a cikinsa ya ci jarrabawa yana fita da shaidar NCE, wadda manufar ilimi ta ƙasa ta ajiye a matsayin mafi ƙarancin shaidar da mutum zai koyar da ita. Yawancin ɗaliban sashen mata ne, don haka da ke zan yi magana, ƙanwata, amma duk abin da zan faɗa ya shafi ɗan'uwa namiji da ya zaɓi wannan hanya. Ana bukatar irinsu ƙwarai.

Kusan duk kurakuran da ke tafe uwarsu ɗaya ce: ɗaukar aikin a matsayin raino, wai duk macen da ta taɓa goya ƙani za ta iya. Da wannan tunanin wasu ke shiga sashen bayan sun rasa kwas ɗin da suke so, su yi shekara uku zuciyarsu na wani wuri. Alhali kafin yaro ya cika shekara 5 ƙwaƙwalwarsa ta kai kusan kashi 90 cikin 100 na girman ta babba, kuma a waɗannan shekarun ne harshensa ke zaunawa, ya koyi jiran layi, ya koyi riƙe fensir, ya yanke wa kansa hukunci ko makaranta wurin daɗi ce ko wurin tsoro. Shi ya sa darussan sashen suka ƙunshi matakan girman yaro, halayyarsa, lafiyarsa da abincinsa, wasa, waƙa, zane, yadda harshe ke samuwa, da yadda ake lura da yaro a rubuta abin da aka gani. Kafin ki cike fom, ki roƙi wata shugabar makaranta ta bar ki ki zauna a ajin nazare na mako guda, daga ɗaukar karatu har tashi. Idan kuka da majina da tambaya ɗaya sau goma ba su kore ki ba, to bismilla. Idan sun kore ki, babu laifi, ki nemi wani sashen tun da wuri.

Akwai kuma masu rikita ECCE da PES. PES na malaman firamare ne, aji ɗaya zuwa shida. Sau da yawa sassan biyu suna ƙarƙashin tsangaya guda, shi ya sa mai shagon kwamfuta kan zaɓa wa ɗaliba wanda hannunsa ya faɗa a kai. Ki tsaya a kansa, ki karanta abin da ya cike da idonki kafin ya tura.

Takardun shiga

A nan ne ake yin asarar da ba ta bayyana sai bayan shekara uku. Abu na farko sakamakon sakandare, na WAEC ko NECO ko NABTEB. Yawan kiredit ɗin da ake nema yakan sauya, don haka kada ki dogara da abin da yayarki ta shiga da shi. Ki buɗe kundin JAMB na shekarar da kike nema, ki kuma duba sanarwar kwalejin. Shawarata ita ce kada ki huta sai kin sami kiredit 5 har da Turanci da Lissafi, a zama ɗaya ko biyu, ko da kwaleji za ta karɓe ki da ƙasa da haka. Dalili kuwa, ranar da kika so ci gaba zuwa digiri, jami'a za ta koma kan sakamakon nan, kuma sake zana jarrabawar sakandare da goyo a baya da aiki a wuya ba ƙaramar wahala ba ce. Wadda ba ta cika sharuɗɗa ba tana iya neman shirin share fage na shekara guda da wasu kwalejoji ke yi kafin NCE, ta gyara sakamakonta a cikin wannan shekarar.

Na biyu suna. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar NIN, kuma bayanan da ke kan NIN su ne ke hawa takardunki. Aisha a nan, A'ishatu a can, sunan uba a sakamakon sakandare, sunan miji a katin ɗan ƙasa, ranar haihuwa iri biyu: waɗannan ƙananan abubuwa su ke tsayar da mutum a wurin tantancewa. Ki daidaita su kafin rajista, ki riƙe suna ɗaya har ki gama karatu. Sauya suna bayan aure yana da hanyarsa ta rantsuwar kotu, ba sai an taɓa takardun makaranta ba.

Na uku, kuma mafi ciwo, shiga ta bayan fage. Tun 2017 duk gurbin karatu na gaba da sakandare ta manhajar CAPS ta JAMB yake bi. Idan wani ya ce miki ki biya kuɗi ki fara zuwa aji, maganar JAMB za a gyara daga baya, to ki ji tsoro. Takardar da kwaleji ta ba ki ba ta wadatar ba, sai kin shiga shafinki na JAMB kin ga gurbin, kin karɓa, kin fitar da takardar shigarki daga can. Hukumar ta sha yin gargaɗi cewa ta daina yafe shigar da aka yi ba da saninta ba, kuma ɗalibi ne ke kwana ciki, ba wanda ya karɓi kuɗin ba.

Haka nan ita kanta makarantar. Hukumar NCCE, wadda aka kafa a 1989, ita ke amincewa da kwalejoji da kwasa-kwasansu, kuma a 2025 ta sanar da rufe kwalejojin bogi 22. Kwalejojin gwamnati irin ta tarayya da ke Katsina, ta Bichi, ta Gusau wadda ta mata ce zalla, Isa Kaita a Dutsin-Ma, Aminu Saleh a Azare da ta jihar Jigawa a Gumel sanannu ne. Duk da haka tambaya biyu ce za ki yi a ko'ina: shin NCCE ta amince da kwalejin, kuma ta amince da kwas ɗin ECCE a cikinta? Amincewa da makaranta daban, amincewa da kwas daban. Inda za ki fi yin hattara shi ne cibiyoyin karatun ƙarshen mako da ake buɗewa a azuzuwan firamare na unguwa da sunan reshen wata kwaleji mai nisa. Wasu na gaskiya ne, kamar cibiyoyin NTI mai hedikwata a Kaduna, wadda ke horar da malamai daga nesa tun 1976. Wasu kuwa allon suna ne kawai. Ki je uwar makarantar da ƙafarki ki tambaya.

A gurguje, maganar takardun Montessori na wata uku ko shida da ake tallatawa. Maria Montessori likita ce 'yar Italiya da ta buɗe gidan yaranta na farko a birnin Rum a 1907, kuma hanyarta tana da amfani na gaske. Amma irin wannan takarda ƙari ce a kan NCE, ba madadinta ba. Makarantar kuɗi za ta iya ɗaukar ki da ita, SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha mai ɗaukar malaman makarantun gwamnati, ba za ta ɗauke ki ba.

Koyarwar gwaji

Idan akwai wuri guda da ake gane malama ko akasinta, to TP ne, wato koyarwar gwaji da ake tura ɗalibai su yi a makarantu. Zango guda cikakke ake ware masa a shekara ta uku, kuma ba a tura ɗaliba sai ta ci darasin ƙaramar koyarwa na shekara ta biyu, wanda ake tsayawa gaban 'yan aji a koyar na 'yan mintoci malami yana gyara. Masu raina wannan darasi har su faɗi jarrabawarsa sukan tarar shekara guda ta ƙaru a kan karatunsu.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne neman makarantar da ba za a matsa ba: kusa da gida, shugaban ɗan'uwa ne, ana zuwa ne kawai ranar da aka ji labarin malami mai duba ɗalibai yana tafe. Maki zai fito, amma hannu bai koyi komai ba. Na biyunsa, ɗalibar ECCE ta yarda a ba ta aji biyar saboda makarantar na ƙarancin malamin Lissafi. Ki ƙi, cikin ladabi, ki kai maganar ga mai kula da TP na sashenku. Abin da kika zo koya shi ne yadda ake riƙe hankalin ɗan shekara huɗu wanda ba ya iya zama wuri ɗaya fiye da 'yan mintoci, yadda ake fita da aji zuwa banɗaki a dawo ba a rasa kowa ba, yadda ake rarrashin sabon shiga mai kukan uwarsa ba tare da an saki sauran ba. Ba a koyon wannan a aji biyar. Manufar ilimi ta ce malami ɗaya ga yara 25 a nazare, 10 a ɗakin rainon jarirai, amma a makarantun gwamnati da yawa za ki tarar da ninkin haka. Gara ki fara haɗuwa da wannan cunkoso lokacin da akwai wadda ta riga ki a aikin tana tsaye kusa da ke.

Sai kayan koyarwa. Ɗalibai da yawa sukan biya mai zane ya yi musu kwali mai kyalli, a nuna wa mai dubawa, a naɗe. Yaro ƙarami da hannu yake koyo, abin da zai taɓa yake bukata. Marafan kwalba don ƙirga da ware launi, karan dawa don gina ɗaki da mota, yumɓu, yashi a faranti don zana baƙaƙe da yatsa, gwangwanin madara da tsakuwa a ciki don kiɗa, ƙyallayen tela don 'yar tsana. Duk wannan kusan kyauta ne, kuma wadda ta iya haɗa su ba za ta zauna jiran gwamnati ta kawo kaya ba. Sai dai ki kiyaye: duk abin da zai shige bakin yaro, kamar ƙwallon dabino ko maɓalli, ba a ba yaron da bai kai shekara 3 ba.

Ki kuma riƙe littafi guda na lura. Wane ba ya waiwayowa idan an kira shi daga baya. Wance shekararta huɗu amma kalmominta ba su wuce ƙirga ba. Wane kullum barci yake, gashinsa ya yi ja ya yi laushi. Malamar nazare ce sau da yawa ke fara gano matsalar ji, ko jinkirin magana, ko tamowa. Aikinta ba ta yanke hukuncin cuta ba ne, ta gaya wa iyaye da lafazi mai daɗi su kai yaron asibiti.

Abin da ake ɗauka shi ne koyarwa

Wannan yana ci mini tuwo a ƙwarya. Sabuwar malama ta shiga aji, sai ta mayar da shi ƙaramar sakandare: 'yan shekara uku a jere kan benci, ana rera ɗaya zuwa ɗari, ana ba su aikin gida shafi biyu, bulala tana kan tebur. Iyaye kuma suna murna saboda littafi ya cika. Amma yaron da ke rera ɗaya zuwa ɗari, ki ce ya miƙo miki tsakuwa bakwai, sai ya tsaya yana kallonki. Ya haddace sauti ne, bai san adadi ba. Yatsunsa ma ba su yi ƙwarin rubutu mai tsawo ba tukuna, sai sun sha murza yumɓu da yaga takarda da zura zare a cikin murfi. Manufar ilimi ta faɗa ƙarara cewa wasa ne babbar hanyar koyarwa a wannan mataki, manhajar da hukumar NERDC ta tsara ma a kan haka ta ginu. Kuma ba sai mun yi aro ba: tatsuniya tana koyar da sauraro da jerin aukuwar abu, kacici-kacici yana wasa ƙwaƙwalwa, waƙar gaɗa da tafi suna saita kunne da amon harshe, carafke yana haɗa ido da hannu da ƙirga. Bulala kuwa tana kawo shiru, amma yaron da ke tsoro ba ya tambaya. Idan mai makaranta ya matsa miki kan cika littafi, ki gayyaci iyaye su ga abin da 'ya'yansu ke iya yi da hannunsu, hujjar da ta fi gamsar da su ke nan.

Maganar harshe ma tana bukatar natsuwa. Shekaru da dama manufar ilimi tana cewa a koyar da ƙananan yara da harshen uwa ko na yankin, sai a ƙarshen 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da komawa Turanci. Ko wace doka ke aiki, yaron da ya zo daga gidan da Hausa ko Fulatanci kaɗai ake yi ba zai fahimci sabon abu da harshen da bai taɓa ji ba sai an bi da shi ta wanda ya sani. Don haka kuskure ne ki sake da Turancinki, kuskure ne kuma ki ɗauka jin Hausa ya isa ba tare da kin iya rubuta ta daidai ba, da ƙ da ɗ da ɓ a wurarensu. Ki ƙarfafa duka biyun tun kina kwaleji.

Bayan kammalawa

Da yawa sukan karɓi takardar sakamako ta wucin gadi su tafi, sai bayan shekaru aiki ya fito a nemi ainihin shaidar. Ki bi sawunta har ta zo hannunki. Sannan ki yi rajista da TRCN, majalisar rajistar malamai da aka kafa a 1993. Tun 2017 sai an ci jarrabawarta ta ƙwarewa, wadda ake yi a kwamfuta, kafin a ba da shaida da lasisi. Masu NCE suna rukunin D, masu digiri rukunin C, kuma lasisin ana sabunta shi duk shekara 3. Ki zana ta karatu yana sabo a kanki, kada ki jira sai an buɗe ɗaukar malamai ki fara gudu. Wadda ba ta saba da kwamfuta ba ta yi atisaye kafin ranar.

Mai son digiri tana iya shiga aji biyu na jami'a kai tsaye da NCE mai kyau, ta fom ɗin DE na JAMB, kuma jami'ar karatu daga gida ta NOUN tana da digiri a fannin ilimin ƙananan yara. Dokar 2023 ta kuma ba kwalejojin ilimi na tarayya damar bayar da digiri da kansu. Abin lura a nan shi ne hidimar ƙasa: NCE ba ta kai mutum NYSC, digirin da aka yi na wucin gadi ko daga nesa kuma takardar cirewa daga hidimar ake bayarwa a kansa, ba kaki ba. Wadda ta riga ta yi digiri ko HND a wani fanni kuwa ba sai ta koma NCE ba. Difilomar koyarwa ta PGDE ko PDE ce za ta ba ta damar rajista da TRCN, sai ta nemi a tura ta koyarwar gwajinta a ajin nazare, domin difilomar kanta ba ta zurfafa a kan ƙananan yara.