Yadda Za Ku Tsara Babban Ɗakin Kwana Na Zamani Da Kanku

Yawancin ɗakunan da suka fito a cunkushe tun wajen sayen kaya aka ɓata su: an sayi gado da sif da madubi kafin a auna ɗakin. Saboda haka aikin farko na tef ɗin awo ne da takarda. Ku auna tsawo da faɗi da tsayin ɗakin, ku zana shi a takarda, ku sa alamar ƙofa da inda take buɗewa, da taga, da kowane soket da makunnin wuta. Ku auna har faɗin ƙofar shigowa, don akwai allon gado da sif da ba sa shiga ta ƙofa mai faɗin santimita 80 sai an kwance su.

Gado ne ke raba wa sauran kaya wuri

Babban gado na mutum biyu yawanci faɗinsa santimita 160 ne ko 180, tsawonsa 200. Ku jingina kansa da bango mafi faɗi wanda babu taga a jikinsa, in da hali wanda ido ke fara sauka a kai idan an shigo. A bar hanya a kowane gefe, aƙalla santimita 60, amma 75 zuwa 90 ya fi daɗin wucewa da gyaran shimfiɗa. A ɗaki mai faɗin mita 4, gado mai 180 zai bar santimita 110 a kowane gefe, wanda ya ishi durowar gefen gado mai faɗin 45 zuwa 50 da sarari. Idan faɗin ɗakin bai wuce mita 3 ba, ku haƙura da mai 160.

Kafin ku sayi komai, ku ɗauki tef ɗin takarda mai manne wa, irin na masu fenti, ku zana girman gadon da sif ɗin a ƙasa, ku yi kwana biyu kuna zagaya layin. Nan za ku gane ko ƙofar banɗaki za ta bugi gefen gado.

Sif yana buƙatar zurfin santimita 60, ƙasa da haka kafaɗar rigar da aka rataye za ta hana ƙofa rufuwa. Mai ƙofar buɗewa yana son sararin santimita 90 a gabansa, in babu wannan sararin a ɗauki mai ƙofar turawa gefe. Kowane dogon sif a ɗaure shi da bango daga sama da ƙarfen kusurwa biyu, musamman inda yara ke shigowa, don jawo durowa da hawa kanta kan iya kifar da shi.

Wuta kafin fenti

Wannan shi ne matakin da ake tsallakewa, daga baya a dawo ana sassaƙar bangon da aka gama yi wa fenti. Tunda kun san inda gado zai zauna, ku sa alamar soket biyu a kowane gefe, santimita 10 zuwa 15 sama da saman durowa, yadda cajar waya ba za ta sa a riƙa jan gado ba. A sa makunnin babbar fitila guda biyu, ɗaya a bakin ƙofa, ɗaya kusa da gado. Jan waya da haɗa ta aikin ma'aikacin lantarki ne, kada a ɗauke shi cikin ayyukan yi da kanka. Naku shi ne nuna masa wurin.

Fitila ɗaya tal a tsakiyar silin ita ke sa ɗaki ya zama kamar ofis. Ana so a samu haske hawa uku: na sama don shara da neman kaya, na gefen gado don karatu, da wani mai laushi a ɓoye, kamar igiyar fitilar LED a bayan allon gado ko a saman sif. A jikin kwalin ƙwan fitila yawanci akwai lamba mai harafin K, mai nuna launin haskensa. Ta ɗakin kwana ita ce 2700K zuwa 3000K, haske mai ɗan ja-ja da ke kwantar da ido. Mai 6500K fari ne fat mai shuɗi-shuɗi, yana dusar da launin bango da na fata. Fitilar gefen gado mai lumen (ma'aunin ƙarfin haske) 400 zuwa 500 ta isa karatu. Idan za a sa makunni mai rage haske, a tabbata an rubuta a kwalin ƙwan cewa yana karɓar ragewa, in ba haka ba zai riƙa kyafta ko ƙara. Kuma kada a binne fitila a silin daidai saman fikafikan fanka: hasken zai riƙa yankewa duk zagayen fanka, ya sa ciwon kai.

Fenti

Ɗakin zamani launuka uku sun ishe shi. Masu tsara ɗaki suna raba su kashi 60, 30 da 10: kaso mafi yawa ga bango, na tsakiya ga labule da kafet da allon gado, ɗan ƙaramin ga matasan ado da fitila da hoto. Fari mai ɗan madara, ruwan toka mai haske ko ruwan ƙasa mai haske su suka fi dacewa da kaso na farko. In ana son launi mai duhu kamar shuɗi mai duhu ko kore, a ba shi bangon bayan gado kaɗai.

Kada ku zaɓi launi daga ɗan katin da ke shago. Ku sayi ƙaramin gwangwani, ku shafa murabba'i mai santimita 50 a bango biyu daban, ku dube shi da safe, da yamma, da kuma dare a ƙarƙashin fitilar da za ku yi amfani da ita. Launin da ya fito ruwan toka da rana kan koma shuɗi ko kore da dare.

Lissafin yawan fenti ba wuya. Ɗaki mai mita 4 da 4.5, tsayi 2.8, zagayensa mita 17 ne, a ninka da tsayi ya ba da murabba'in mita 47.6. A cire ƙofofi da taga, ya rage kamar 43. Lita ɗaya ta fentin ruwa tana rufe murabba'in mita 10 zuwa 12 a shafa ɗaya, shafa biyu kuwa ake yi, don haka lita 9 zuwa 10 za ta isa, ban da silin. A sayi duka lokaci ɗaya, a haɗe gwangwanayen a bokiti guda a gauraya, saboda haɗi biyu na launi ɗaya kan ɗan bambanta.

Rabin aikin fenti gyaran bango ne. A cike tsaga da ramukan ƙusa, a bari su bushe, a goge da sanfefa, a share ƙurar da ɗanyen tsumma. Sabon filasta yana son kamar mako huɗu kafin ya bushe, sannan a fara masa da fentin share fage. Wanda ya yi gaggawa zai ga fenti yana kumbura yana ɓarewa, don danshin ciki ne ke neman hanyar fita. In bango na da tabon danshi, a gano inda ruwa ke shigowa a toshe tukuna, fenti ba ya maganinsa. A fara da silin, a bi gefuna da burushi, sannan a cike tsakiya da rola tun gefunan ba su bushe ba, in ba haka ba layi zai fito. A bar awa 2 zuwa 4 tsakanin shafa ta farko da ta biyu. Fenti marar ƙyalli yana ɓoye rashin daidaiton bango, mai ƙyalli kuwa yana tona kowane tudu.

Allon gado da za ku iya yi a yini ɗaya

Shi ne abin da ya fi canza fuskar ɗaki, kuma ba ya buƙatar gwanintar kafinta. Ga gado mai faɗin 180 za ku nemi falankin filawud mai kaurin milimita 18, a yanka shi santimita 200 da 80, da soso mai kaurin santimita 5 daidai girmansa, da shimfiɗar auduga ta masu kujeru, da yadi mai kauri santimita 230 da 110, da gam ɗin soso, da bindigar sitefula.

A manna soson a jikin falankin, a lulluɓe da audugar, a ja ta baya a kama. Sai a shimfiɗa yadin a ƙasa fuskarsa na kallon ƙasa, a kifa falankin a kai. Wajen kamawa ake kuskure: kada a fara daga kusurwa a bi gefe ɗaya har ƙarshe, yadin zai karkace ya yi tattara. A harba ɗaya a tsakiyar sama, a ja a harba a tsakiyar ƙasa, haka dama da hagu, sannan a riƙa matsawa zuwa kusurwoyi, tazarar santimita 5 tsakani. Kusurwoyi su ne na ƙarshe, a ninke su kamar naɗin kyauta, a yanke rarar yadin don kada ya yi ƙulli. Yadi mai ratsi yana fallasa ɗan karkacewa kaɗan, mai launi ɗaya ya fi sauƙi ga sabon hannu.

Wajen rataye shi, a tsaga katako ɗaya gida biyu a tsawonsa da yankan karkace na digiri 45, a ɗaure rabi a bango, rabi a bayan allon, su sarƙe juna. Ƙasan allon ya nutse santimita 5 zuwa 10 a bayan katifa don kada matashin kai ya riƙa faɗawa. Kafin huda bango, a tuna wayoyin wuta yawanci miƙe suke tafiya sama ko gefe daga soket da makunni, a kauce wa waɗannan layuka.

Labule, kafet da abin da ya rage

Ƙarfen labule a ɗaga shi santimita 15 sama da taga, ko ma kusa da silin, ya kuma zarce tagar da santimita 20 a kowane gefe. Haka ɗaki ke ƙara tsayi a ido, kuma labulen da aka buɗe ba ya tare haske. Faɗin yadi ya ninka tsawon ƙarfen sau biyu zuwa biyu da rabi, in ya gaza haka zai tsaya kamar zanin da aka shanya. Ya sauka har saura santimita 1 ya taɓa ƙasa. Hawa biyu ya fi: shara-shara na rana, da mai kauri mai hana haske na dare.

Ƙaramin kafet a gaban babban gado yana ƙanƙantar da ɗaki. Ga gado mai 180 a nemi mai santimita 300 da 240, a shimfiɗa shi a gicciye, ya shiga ƙarƙashin kashi biyu cikin uku na gadon, ya fito kamar santimita 60 a kowane gefe. In ya yi yawa ga ɗakin, dogaye sirara biyu a gefunan gado sun wadatar.

Saman durowar gefe ya zo daidai da saman katifa, bambancin kada ya wuce santimita 5, don hannu ya kai cikin duhu ba lalube. Hoto a saman gado ya zama babba guda ɗaya mai faɗin kashi biyu cikin uku na gadon, a bar santimita 15 zuwa 20 tsakaninsa da allon, kuma marar nauyi, ba mai gilashi ba, tunda a ƙarƙashinsa ake kwana. Madubi a bangon da ke gefen taga yake ƙara haske. Na'urar sanyaya ɗaki kuwa a ɗaura ta a bangon gefe, yadda iskarta za ta ratsa ta ƙafar gado maimakon ta sauka a fuskar mai barci.