Yadda ake shirya wasan kwaikwayo da kiɗa a makarantar sakandare ta karkara

Malamin da aka ɗora wa ƙungiyar wasan kwaikwayo a sakandaren ƙauye, ko a ƙasar Ringim ne ko Gaya ko Birnin Kudu, ya fara da neman yardar shugaban makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai kafin ya kira ɗalibi ko ɗaya. Ya bayyana musu jigon wasan, da irin kiɗan da za a yi, da lokacin tashi daga bita, musamman idan da 'yan mata a ciki, domin uban da ya tsinci labari a bakin maƙwabta yana iya janye 'yarsa ana saura mako guda, kuma ba a samun madadinta a ƙurarren lokaci.

A sa wasan a zango na farko ko na biyu. A zango na uku 'yan ajin ƙarshe suna fama da jarrabawar WAEC da NECO, ga damina ta kankama, iyaye suna buƙatar hannu a gona. Bita kuwa ta fi kyau ranar Alhamis da yamma, lokacin da yawancin makarantun Islamiyya suke hutu, kuma kada a kuskura a haɗa ta da ranar kasuwar gari. Mako 6 ya wadatar.

Labarin kada ya wuce minti 20, 'yan wasa kada su haura 10. A ɗauko jigo daga abin da 'yan kallo suka sani, kamar rikicin rabon gonar gado, ko bashin taki, ko cire yarinya daga aji a ɗora mata talla, amma kada a siffanta wani da za a iya nunawa da yatsa a garin. Ban yarda a rubuta kowace kalma a ba yara su haddace ba. A tsara ƙashin bayan kowace fitowa, a bar su su cika da bakinsu, sannan malami ya rubuta abin da ya yi armashi ya tsayar da shi.

Inda na ga wasanni masu kyau suna lalacewa shi ne wajen murya. Ɗaliban yanzu sun koyi wasa ne daga fina-finan da suke kallo a waya, inda kyamara take matsowa kusa da fuska, na'ura kuma take ɗaukar ko da raɗa ce. Sai yaro ya zo filin makaranta ya fuskanci abokin wasansa, ya ba jama'a ƙeya, ya yi magana ƙasa-ƙasa yana sunkuyar da kai. Mutanen layin gaba su yi dariya, na baya su fara tambayar me aka ce, kafin a kai fitowa ta biyu surutu ya cinye filin. Maganin wannan shi ne a fitar da bita daga cikin aji tun mako na biyu, a kai ta ainihin wurin da za a yi wasan. Malami ya tsaya taku 30 daga dandamali, duk jimlar da bai ji ba ya ɗaga hannu a maimaita ta, ba tare da ya matso ba ko sau ɗaya. A koya wa yaro ya ja numfashi ya cika ciki kafin ya buɗe baki, ya kai ƙarshen jimla da ƙarfin da ya fara ta, domin kalmar ƙarshe ce aka fi haɗiyewa. Masu zance biyu su tsaya a karkace yadda kowa zai ga rabin fuskarsu, kuma idan an yi dariya su dakata ta lafa kafin su ci gaba. 'Yan mata sun fi buƙatar haƙuri a nan, saboda an tarbiyyantar da su a kan sassauta murya gaban manya, don haka a fara da sa su rera waƙar gaɗa tare, sannan a riƙa ware su ɗaya bayan ɗaya.

Kada a dogara da lasifika. Kuɗin haya da man janareta sun isa su sayi abin da ƙungiya za ta amfana da shi shekara guda, ga ƙarar injin, ga makirfo ɗaya da ake miƙa wa juna yana kashe wasa.

Kiɗa kuma a nemi na gida. Kalangu ɗaya ko ganga, da ƙwarya da shantu ga 'yan mata, sun isa, kuma yaran da suka taɓa yin tashe cikin azumi sun riga sun san yadda ake amshi da tafi. Dokar makaɗi guda ce: idan baki ya buɗe da magana, hannu ya sauka daga fata. Kiɗa na buɗe wasa ne, da cike tazarar da ke tsakanin fitowa, da raka waƙa, kuma amshin ya zama gajere yadda 'yan kallo za su kama shi a karo na biyu.

Kayan sawa a aro su daga gida, toka ta isa furfura, tabarma da turmi sun isa nuna tsakar gida. Ranar wasa a fara bayan la'asar a gama kafin magariba. A sa dandamali ta gabas, 'yan kallo su ba rana baya, domin haske ya sauka a fuskar 'yan wasa, iskar hunturu da ke tasowa daga arewa maso gabas kuma ta kai murya wajen jama'a. A ajiye manyan ɗalibai biyu su tsare ƙananan yara kada su cika bakin dandamali.